Tawadar Allah a can cikin ido

Mutum zai taso daga Kimba ko Maiyama zuwa Birnin Kebbi don a gwada masa tabarau. A ɗiga masa magani, ƙwayar ido ta buɗe, likita ya haska ya ce akwai wani tabo mai duhu can baya. Nan take gaba ya faɗi, alhali idon bai taɓa yi masa ciwo ba.

Sau da yawa tawadar Allah ce kawai, irin wadda ke fita a fata, sai dai wannan ta zauna a shimfiɗar jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin tantanin da ke kama haske. A kwance take, launinta toka-toka ko ruwan ƙasa, kuma akasari mutum kan tsufa da ita ba ta shafi ganinsa ba.

Abin da likita ke tsoro shi ne ta rikiɗe ta zama sankara, shi ya sa ake ɗaukar hoto. Na'urar OCT, wadda aka fara bayyanawa a Amurka a 1991, tana nuna bayan ido hawa-hawa, har a ga ko ruwa ya taru a kan tabon. Akwai kuma sikanin, ɗan'uwan wanda ake yi wa masu juna biyu, da ke auna kauri. Likitocin asibitin ido na Wills a Filadelfiya sun jera alamomin haɗari: kauri ya haura milimita 2, faɗi ya wuce milimita 5, ruwa, ɗigo-ɗigo masu launin lemo, ko gani ya fara raguwa. Ƙananan ɗigo masu rawaya-rawaya kuwa albishir ne, domin suna nuna tabon ya daɗe a wurin bai motsa ba.

Sankarar wannan wuri ta fi kama Turawa, da wuya a same ta a baƙar fata. A ƙasar Hausa, baƙin tabo a bayan ido kan zama sawun sikila ko na wani tsohon ciwo da ya warke, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Bambance su aikin ƙwararre ne, ba na mai sayar da tabarau a kasuwar Jega ba.

Hoto ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an sake wani bayan wata 6 ko shekara an kwatanta. Wanda aka tura Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ya daure ya je, kuma ya adana hoton farko da kyau.