Yadda kwamfuta za ta taya mu lissafin rabon hatsi

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama a kwamitin rabo ya san wahalar lissafi. Kuskure ɗaya a littafi kan sa wata gwauruwa ta koma gida da buhu wayam, a kuma soma zargin ma'aji. Shi ya sa muke so mu bayyana yadda takardar lissafi ta kwamfuta take rage wannan damuwa. Ana samunta a Excel, wanda ya fito a 1985, ko LibreOffice Calc da yake kyauta, ko Google Sheets da yake aiki har a waya.

Takardar cike take da ƙananan akwatuna. Kowane akwati yana da suna: harafin da yake samansa da lambar da take gefensa. Akwatin da yake ƙarƙashin B a layi na 2 shi ne B2. Umarnin lissafi kuwa, wato fomula, kullum da alamar = yake farawa.

A ce za mu raba masara ga gidaje 30, mudu 4 ga kowane mutum. Layi na 1 na kanun magana ne. Daga layi na 2 zuwa na 31 sai mu rubuta sunan mai gida ƙarƙashin A, yawan mutanen gidan ƙarƙashin B. A akwatin E1 mu sa 4.

A C2 mu rubuta =B2*$E$1. Alamar tauraro tana nufin "sau". Gida mai mutum 6 zai nuna mudu 24 nan take. Sai mu kwafi wannan fomula har zuwa C31. Alamar $ ita ce take riƙe E1 kada ya gusa sa'ad da muke kwafa.

Don mu san jimlar masarar da ake bukata, mu rubuta =SUM(C2:C31) a E2. Idan mutane 180 ne, za mu ga mudu 720. To, in muka shiga sito muka tarar mudu 540 ne kaɗai fa? Ba sai mun sake lissafi gida-gida ba. Mu mai da 4 ɗin E1 ya zama 3, rabon kowa da jimlar duka za su gyaru da kansu. Amfanin ke nan: mu bar fomula ta yi lissafi, kada mu buga amsa da hannu.

Amma mu kula da abu biyu. Na ɗaya, lamba kaɗai za mu sa a akwatin lissafi. Idan muka rubuta "mudu 24", SUM zai tsallake shi ba tare da gargaɗi ba. Na biyu, in an ƙara gida a layi na 32, mu duba ko fomular jimla ta kai can.

Kwamfuta ba ta san gidan da aka manta ba. Saboda haka mutum biyu su duba sunaye, a buga takardar, a karanta ta gaban jama'a kafin ranar rabo, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Abin tattaunawa a kwamiti: wa zai koyi wannan aiki tare da ma'aji, domin kada ya tsaya ranar da ba ya nan?