Ƙusar da Aka Ƙera Domin Ta Karye

A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, dusar ƙanƙarar da ke zuba a shekara takan kai kimanin mita 2. Magidanci kan wayi gari ya tarar ta toshe ƙofar gida, ba halin fita sai an kwashe ta. Wani mutumin yankin mai suna Arthur Sicard ya ƙera injin yin wannan aiki a shekarar 1925, ya kuma sayar wa hukumar garin Outremont na farko a 1927. Daga baya aka ƙera ƙanana waɗanda ake turawa da hannu, su ne suka bazu a gidajen Kanada da arewacin Amurka.

A gaban injin akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe mai juyawa, wanda ke tattaro dusar ya miƙa wa wata farfela, ita kuma ta watsa ta gefe ta cikin bututu. Murɗaɗɗen ƙarfen yana samun ƙarfin juyawa ne daga wata sandar ƙarfe da ta fito daga giyabos. Abin da ya haɗa su biyun 'yar ƙusa ce da ta ratsa su, wadda za mu kira ƙusar kariya.

To, dusar ƙanƙara tana ɓoye abubuwa: dutse, ko guntun katako, ko jaridar da ta daskare. Idan ƙarfen ya ci karo da irin waɗannan sai ya tsaya cak, alhali inji yana ci gaba da juya sandar. Dole wani abu ya karye. Saboda haka injiniyoyi suka zaɓi wurin da ɓarnar za ta faɗa, suka sa ƙusar ta fi sauran sassa rauni. Ƙarfi biyu masu saɓa wa juna sukan datse ta kamar yadda almakashi ke yanka zare, giyabos kuwa ya tsira. Ɗalibai za su tuna da fis na lantarki, wanda ke ƙonewa domin rediyo ya kuɓuta. Hikimar ɗaya ce.

Yaya ake samun madadinta idan ta karye? Da farko a duba lambar samfurin injin, wadda ke rubuce a jikinsa, a nemi lambar ƙusar a littafin da kamfani ya haɗo da shi. Idan littafin ya ɓace, a tafi da guntayen tsohuwar wurin mai sayar da kayan gyara. Abubuwa uku ake dubawa. Na farko kauri, wanda galibi milimita 6 ne ko 8, bisa kusanci. Na biyu tsawo. Na uku 'yan tsagogin da ake zagaya wa wasu ƙusoshin, domin a nan ake so su karye, kuma wajibi ne su dace da gaɓar da sandar ta haɗu da murɗaɗɗen ƙarfen.

Babban kuskure shi ne mutum ya gaji da canji, ya ɗauko noti mai tauri ya ɗaura. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ranar da aka sake cin karo da dutse notin ba zai karye ba, haƙoran giyabos ne za su zube, gyaran da ya ninka kuɗin ƙusa sau da yawa.

Kafin a taɓa injin, a kashe shi, a zare wayar fulogi. Kada a sa hannu cikin bututun ko da ya toshe, sai dai sanda, domin farfelar takan yi juyin bazata da zarar an cire abin da ya tokare ta. Mutane da dama sun rasa yatsu ta wannan hanya.

Wannan darasi ya wuce ƙasashen sanyi. Wasu garmunan tarakta da injunan jiragen kwale-kwale suna da irin wannan ƙusa. Duk bakaniken da ya musanya ta da wadda ta fi ƙarfi ya yi gyaran gangar Auzinawa, domin raunin nata shi ne amfaninta.