Keken Ƙungiya Ya Tsufa: Gyara Za A Yi Ko Sayarwa?

Ƙungiyoyin adashi da dama, idan asusu ya yi ƙarfi, sukan sayi Keke Napep, wanda a Kano ake ce wa adaidaita sahu, su ba direba yana kawo balas kullum. Shekarar farko da ta biyu daɗi ake ji. Daga nan sai ƙananan gyare-gyare su fara, yau taya, gobe kuloci, har ranar da direba zai zo taron mako ya ce makanike ya ce sai an sauke inji. A nan ne taro kan rabu gida biyu: masu cewa a gyara, da masu cewa a rabu da shi. Wannan darasi zai taimaka muku ku yanke hukunci da lissafi, ba da ɗaga murya ba. Abin da za mu faɗa ya shafi injin niƙa da babur da motar ɗaukar kaya ma.

Da farko akwai magana guda da za ku ji a kowane irin wannan taro: "Haba, duk kuɗin da muka zuba a keken nan, yanzu kuma mu sayar?" Magana ce mai taɓa zuciya, amma ba ta shiga lissafi. Kuɗin da aka kashe bara sun tafi, ko kun gyara ko kun sayar ba za su dawo akwati ba. Tambayar da ke gabanku ɗaya ce: kuɗin da za mu fitar yau, wata nawa na aiki za su saya mana, kuma cikin wata nawa za su dawo?

To, sai a ɗauko littafi. Magatakarda ta duba wata uku ko shida da suka wuce, ta faɗa wa taro kwana nawa keken ya fita aiki, kwana nawa ya kwana a gareji, da nawa aka kashe a gyara. Kwanakin zama su ne asarar da ba a gani, don babu wanda ya miƙa hannu ya karɓe ta, balas ne kawai bai shigo ba.

Ga misali, kuma ku sa naku alƙaluman a gurbin waɗannan, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ce balas naira 4,000 ne a rana. Idan keken ya yi kwana 25 a wata, 100,000 ke nan. Amma littafi ya nuna kwana 15 kawai yake yi, wato 60,000, kuma ƙananan gyare-gyare suna cin 20,000. Abin da ke shiga akwati 40,000 ne. Yanzu makanike ya ce sauke inji zai ci 300,000. Idan bayan gyaran keken ya koma kwana 25, ƙananan gyare-gyare suka sauka zuwa 10,000, ƙungiya za ta riƙa samun 90,000 a wata. Kun ga kafin wata huɗu kuɗin gyara sun dawo. Idan injin zai riƙe shekara guda ko fiye, wannan gyara ne mai kyau, a yi shi ba tare da jinkiri ba.

Matsalar ita ce tsohon abin hawa ba ya cika ciwo a wuri ɗaya. Don haka kada ku tsaya ga tambayar "nawa ne gyaran?" Ku tambayi makanike: "Malam, bayan wannan, me kuma ke jiran mu nan da wata shida?" Idan ya ce giya ma ta kusa, za ta ci 200,000, kuma shasi ya tsage an riga an yi masa walda sau biyu, to lissafi ya sauya. Gyaran ya zama na 500,000, sai kusan wata shida kafin ya dawo, ban da kwanakin da keken zai sake zama. Shi inji ana sauke shi a sa sabon ringi da fistin ya dawo da ƙarfinsa. Amma shasin da tsatsa ta ci ko ya karye, walda lallaɓawa ce kawai, musamman a hanyoyinmu na karkara da damina. Mu a ganinmu, lafiyar shasi ta fi lafiyar inji muhimmanci wajen yanke wannan hukunci.

Ba sai kun zama makanikai ba kafin ku gane wasu alamu. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tare da yawan ƙarin baƙin mai, alama ce injin yana ƙona baƙin man, sau da yawa ringi ne ya cinye. Baƙin hayaƙi kuwa yawanci fetur ne ya yi yawa ko matatar iska ta toshe, kuma gyaransa ba shi da tsada. Sanin wannan kaɗai zai hana a sa ku sauke injin da wanki kawai yake so. Ku kai keken wurin makanike biyu, ɗaya ya kasance ba direba ne ya zaɓo shi ba. Ba zargi ba ne, ƙa'ida ce, kamar yadda makullan akwati suke hannun mata uku. Kuma idan direban ɗan wata ne a cikinku, ko mijinta, ko ƙanenta, kada a sa ta cikin waɗanda za su je jin farashi. Hakan ya fi mata sauƙi ita kanta.

Sannan a nemi dillali a tambaye shi farashi biyu: nawa za a sayi keken yadda yake yanzu, nawa kuma idan an gyara. A ce yanzu 500,000, bayan gyara 650,000. Kun kashe 300,000 don ku ƙara 150,000 ke nan. Saboda haka idan niyyarku sayarwa ce, ku sayar da shi yadda yake, ku faɗa wa mai saye gaskiyar ciwonsa. Gyara babba na wanda zai ci gaba da mora ne. Kada ku manta da la'adar dillali, ku cire ta daga abin da kuke sa ran samu.

Yanzu ɓangaren sauyawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin keke da kayan gyaransa duk sun tashi, domin irin su Bajaj da TVS kamfanonin Indiya ne, kayansu da kuɗin waje ake shigo da su. Kuɗin da kuka sayi naku a da ba za su sayi irinsa yau ba. Shi ya sa ƙungiyoyi kan karkata ga na hannu. A ce kun samu mai ɗan dama-dama a 1,800,000. Idan aka cire 500,000 na tsohon, sai kun ciko 1,300,000. Ko da yana kawo 95,000 a wata, sai kusan wata 14 kafin su dawo. Zangon adashi kuwa yawanci wata 9 zuwa 12 ne. Wato ranar rabo za ta zo kuɗin suna kan titi, ba a cikin akwati ba. Kuma na hannu fa, akwai dalilin da ya sa mai shi ya rabu da shi. Naku kun san ciwonsa, na wani sai kun saya za ku sani. Idan har za a saya, makaniken da kuka yarda da shi ya gwada shi da kaya a hanya, a kuma gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce a takardu kafin a ba da ko sisi.

Akwai abin da mata kan manta da shi a zafin muhawara. Kuɗin akwati ba zaune suke ba. Su ne rancen da Inna ke ɗauka ta sayi gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, su ne takin da wata ke jira da faɗuwar damina, su ne jarin mai kiwon rago kafin babbar sallah. Idan aka kwashe 1,300,000 a watan shuka, mace nawa za a ce wa ta dawo wani mako? A ƙirga su da suna a gaban taro. Wani lokaci gyaran da zai lallaɓa keken zuwa bayan kaka, lokacin da zubi ya fi ƙarfi, ya fi sauyawa nan take. Asusun gaggawa na rashin lafiya da haihuwa da rasuwa kam ba a taɓa shi don keke.

Hanya ta uku ma tana nan, ko da yake ba a son ambatonta saboda kunyar abin da mutanen gari za su ce: a sayar, a mayar da kuɗin akwati, a ci gaba da ba mambobi rance. Idan littafi ya nuna keken bai fi kawo abin da kuɗinsa za su kawo a hannun mambobi ba, wannan ba faɗuwa ba ce.

Birki da taya da fitila ba sa cikin wannan muhawara. Muddin keken zai ɗauki mutane, a gyara su yau, ko a ajiye shi.

Duk hukuncin da za a yanke, a yi shi a cikakken taro, a kaɗa ƙuri'a, magatakarda ta rubuta adadin kuɗin da sunayen matan da aka wakilta. Idan gyara aka zaɓa, mata biyu su raka makanike sayen kaya, ko a kasuwar garinku ko a manyan kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, su karɓo rasit, kuma a dawo wa ƙungiya da tsofaffin kayan da aka cire. Daga ranar da keken ya koma aiki, a riƙa ware wani abu daga balas ɗin kullum, ko da naira 500 ce daga cikin 4,000, a jaka ta daban da shafinta a littafi. A kwana 25 ta zama 12,500, a shekara 150,000.