Rataya Inji a Tsohon Kwale-kwale

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwa a Zamare yana jiran jirgin Rofiya, ko a gaɓar Wara ranar kasuwa, in ya lura zai ga jirage iri biyu. Akwai wanda tun farko don inji aka ƙera shi, bayansa a datse, da katako mai kauri inda ake ɗaure Yamaha. Akwai kuma kwale-kwalen filafili da mai shi ya samu ɗan hali, ya kai wa kafinta aka yanke masa wutsiya, aka buga allo, aka rataya inji. Wannan na biyun shi ne ɗan'uwan abin da masu aikin ƙarfe ke yi idan suka ɗauki injin milin na hannu suka mayar da shi mai bin umarnin kwamfuta, wanda ake kira CNC.

Milin inji ne na sassaƙar ƙarfe. Wuƙa ce mai haƙora take juyawa a sama, ƙarfen da za a sassaƙa kuma yana ɗaure tam a kan teburi. Ma'aikaci yana murza hannu ɗaya teburin ya tafi dama ko hagu, ya murza wani ya matso ko ya ja baya, na uku kuma shi ne na sama da ƙasa. Da shi ake fitar da haƙoran giya, da shi ake tsaga gurbin da ke riƙe fuli a jikin sandar injin casar shinkafa ko injin ban-ruwa. Samfurin da ya fi suna a duniya shi ne Bridgeport na Amurka, wanda ya fito a 1938, kuma har gobe ana kwaikwayon ƙirarsa a Taiwan da Sin.

Mayar da shi CNC a baki ba wuya: a ɗaura ƙaramin moto a mazaunin kowane hannu, a haɗa su da akwatin lantarki, kwamfuta ta riƙa faɗa musu nisan da za su je. Ba ma sabon abu ba ne, don ta wannan hanya sana'ar ta faro. A ƙarshen shekarun 1940 John Parsons, mai masana'antar fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Michigan, ya riƙa fitar da lambobi da na'urar lissafi, mutum ɗaya yana karantawa, mutum biyu suna murza hannayen inji daidai da abin da suka ji. A 1952 jami'ar MIT, da kuɗin rundunar sojan saman Amurka, ta nuna injin farko da ke karanta lambobin da kansa daga doguwar takarda mai huji-huji. Shi ma tsohon milin ne na kamfanin Cincinnati aka yi wa kwaskwarima.

To, amma a tambayi Basarken da ya taɓa rataya inji a tsohon jirgi. Da filafili, in katako ya ɗan buɗe baki, sai a cusa tsumma, yaro ya riƙa kwarfe ruwa, a lallaɓa a kai gaɓa. Ranar da aka sa inji mai ƙarfin doki 40, jijjiga za ta bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, yoyon da aka saba zama da shi ya zama na neman rai. Milin ma yana da irin wannan yoyo. Sandar da ke jan teburi mai tiredi ce, tana ratsa noti na tagulla, kuma yau da gobe sai ta cinye notin ya yi lako-lako. Ka murza hannu gaba, ka dawo da shi baya, zai ɗan juya a banza kafin teburin ya motsa. Tsohon hannu ya san da wannan wasa, shi ya sa kullum ta ɓangare ɗaya yake tunkarar ma'auninsa: in ya wuce, sai ya koma baya sosai ya sake tahowa. Bai ma san yana yi ba, hannunsa ne ya haddace. Moto kuwa lissafi kawai ya sani. Yawancin ƙananan da ake sakawa taku 200 suke yi a juyi guda; in sandar tana tafiyar milimita 5 a kowane juyi, taku ɗaya kashi ɗaya ne cikin 40 na milimita. Kwamfuta za ta ƙirga takunta ta ce an iso, alhali wani ɓangare ya tafi a cikin lako-lakon noti. Ka ce ta yanka maka da'ira, sai ka ga tabo a wurare huɗu, daidai inda teburin ya juya akala.

Shi ya sa masu yin abin da gaske suke cire tsohuwar sandar baki ɗaya, su sa mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a cikin notinta, irin na boris, wadda kusan ba ta wasa. A nan ake yanke wutsiyar jirgin, kuma ba a komawa yadda ake. Sabuwar sandar santsi gare ta, har wuƙa tana iya fizgar teburi idan ba moto ke riƙe da shi ba, don haka aikin hannu a kanta ya zama sai da hattara. Sannan akwai hanyar da teburin ke zamewa a kai, wadda ta fi cinyewa a tsakiya inda aka fi aiki. Ka ɗaure ta ta yi daidai a tsakiya, ta cije a gefe. Ka sassauta, tsakiya ta yi rawa. Wannan babu manhajar da ke gyara shi, sai an kankare an daidaita.

Manhajar ma ita ce mai araha a cikin kayan. LinuxCNC kyauta ce, GRBL ma haka, tana aiki a kan ɗan allon Arduino da bai kai tafin hannu ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rashin ji. Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa, suna matsowa kusa da ido idan ruwa ya ja. Mai filafili yana tafiya a hankali, yana jin abin da ke ƙasa a damtsensa. Mai inji sai dai ya san hanya tun kafin ya taso, in ba haka ba farfela ce za ta ba shi labari. Haka mai murza milin yake jin wuƙa ta dakushe a tafin hannunsa, ya sassauta. Moto zai ci gaba da turawa har wuƙar ta karye, ko ya tsallake taku bai faɗa wa kowa ba, duk abin da ya yanka bayan nan ya karkace. Mantuwar ɗigo ɗaya a rubutun umarni, a sa 10 a inda ake nufin 1.0, ta isa ta nutsa wuƙa cikin teburi. Ilimin da ke hannu dole ya koma ka: saurin juyin wuƙa, zurfin yanka, bambancin alminiyam da baƙin ƙarfe, duk sai an yanke shawararsu kafin a danna maɓalli. Yaron da ya iya kwamfuta amma bai taɓa shaƙar warin ƙarfe mai zafi ba, kada a bar shi shi kaɗai da injin.

Sai maganar wuta. Muna maƙwabtaka da madatsar Kainji mai samar da wuta, amma kowa ya san yadda ake ɗauke ta ba sallama. Ta ɗauke a tsakiyar aiki, kwamfuta ta manta inda wuƙa take. Ke nan batir da inbata da 'yan maɓallan da ke nuna wa teburi mafarinsa suna cikin lissafin kuɗi tun ranar farko.

Shin ya cancanci wahalar? Ya danganta da kayan da za a ɗauka. Ba wanda ke ƙona fetur don ya duba koma a bayan gari, amma mai kai buhunan albasa daga tsibiran Gungawa zuwa kasuwar Yelwa ba zai koma wa filafili ba. Galibin aikin da ke zuwa shagunan ƙarfe a Yauri da Shanga da Ngaski na gyara ne: manomi ya shigo da abu guda a karye, yana son a yi masa irinsa kafin la'asar. Kafin a zana shi a kwamfuta, gwani ya gama da hannu. CNC tana biyan kuɗinta ne idan abu ɗaya ake so hamsin ko ɗari, kamar kayan injin casa da ake odarsu daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko siffa mai lanƙwasa da hannu biyu ba sa iya bi a lokaci guda.

Mai shago a Yelwa da ke da milin mai lafiya, ya fara da ma'aunin lantarki da ake liƙawa a jikin teburi yana nuna lambobi a gilashi. Shi teburin yake aunawa kai tsaye, lako-lakon noti bai dame shi ba, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na CNC ba. In oda ta yawaita har hannu ya gaza, sannan a yi maganar moto, bayan an auna wasan kowace sanda an rubuta a takarda.