Ashariya a bakin yaro mai galahanga

A unguwa irin Ɗan Iya da ke birnin Bauchi, ashariyar da ɗan acaɓa ya ɗura a bakin titi takan biyo yaro mai galahanga har tsakar gida. Yakan yi ta nanata ta, sau tari bai san ma'anarta ba. Likita Leo Kanner ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1943. Tsawa da dariyar 'yan'uwa ƙara mata armashi suke. Shawarar masana ita ce a kame fuska, a koya masa wata kalmar, a yaba in ya faɗe ta. Bakin manya ma na buƙatar linzami: har yau ana kiransa "mai aljanu", alhali dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa irinsa wariya.