Wasan Bagadaza Da Samarin Azare Ke Aikowa Kurmi A Sayo: Ya Ci Kuɗinsa?

Da can, idan mutumin ƙasar Katagum mazaunin Ikko ko Badun ko Anacha ya tashi zuwa ganin gida, tsarabar da ake sa ran zai riƙo ba ta wuce goro da atamfa da burodin Agege ba, in ta yi tsanani a haɗa da 'yar rediyo. Yanzu kuwa tun bai ɗaure kaya ba saƙo ya riga ya shigo masa ta waya daga ƙane ko ɗa: Yaya, don Allah in ka shiga Alaba ka duba mini faifan wasa kaza. Mai sayar da tumatir a Mile 12, ko mai canji a Sabo ta Badun, sai ya tsaya yana juya sunan a baki, bai san ko mene ne ba, balle ya san ko abin ya cancanci guminsa.

Ɗaya daga cikin sunayen da kan fito a irin wannan saƙo shi ne Assassin's Creed Mirage, wasan bidiyo na wani kamfanin Faransa mai suna Ubisoft, wanda ya fito ran 5 ga watan Oktoba, 2023. Shi ne na 13 a jerin manyan wasannin da ke ɗauke da wannan suna. Na farko ya fito a 2007, labarinsa kuwa a ƙasar Sham ne, a shekarar 1191, lokacin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Daga nan aka yi ta yawo da mai wasa, Italiya a 2009, Masar ta zamanin da a 2017, Ingila ta zamanin mahara daga arewacin Turai a 2020. A wannan karon sai aka sauka a Bagadaza, cikin shekarar 861, zamanin daular Abbasiyawa.

Wasan dai na sanɗa ne. Mai wasa yana sarrafa wani saurayi, Basim ɗan Ishaƙ, wanda ya fara da sane da yankan aljihu kafin wata ƙungiyar asiri da ake kira Ɓoyayyu ta ɗauke shi ta horar da shi. Aikinsa shi ne ya bi saman soraye, ya laɓe cikin ciyawa ko cikin taron kasuwa, ya saurari hirar dogarai, ya ba da toshiya inda ta kama, har ya kai ga wanda aka sa shi nema, ya soke shi da wata wuƙa da ke ɓoye a hannun riga, kana ya sulale. Yana da gaggafa da yakan tura sama ta gano masa inda masu gadi suke. Wanda ya ce da ƙarfi zai shiga, dogarai su yi masa taron dangi.

Maganar Kuɗi

Dala 50 aka sa wa wasan da ya fito. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura Naira 1,500, watau faifan ya tasam ma Naira 75,000 ke nan, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekara Naira 70,000 ne. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa magidanci ya yi tunani sau biyu. Amma fa faifan wasa ba gwal ba ne, kullum faɗuwa yake yi, kuma wanda ya kwana biyu a kasuwa ana samun na hannu a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba da rangwame mai yawa. Duk wanda aka yi wa tsadar ranar fitowa a yau, to, an ga baƙo ne.

Kafin a taya ma, sai a tambayi mai saƙon wace na'ura gare shi. Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Mirage yana aiki a PlayStation 4 da PlayStation 5, da Xbox, da kwamfuta mai ƙarfi. Wanda ya biyo bayansa, Assassin's Creed Shadows na watan Maris 2025, mai labarin ƙasar Jafan, ba ya aiki a PlayStation 4 ko kaɗan. Saboda haka ga mai tsohuwar na'ura, na Bagadaza shi ne na ƙarshe a jerin da zai iya taɓawa. Mai PlayStation 3 kuwa kada a wahalar da kai, ba zai karɓa ba.

Faifai ya fi a sauko da wasan ta intanet. Nauyinsa ya kai wajen gigabait 40, wanda ya san kuɗin data ya san abin da ake nufi. Bayan haka kantin Sony na intanet ba shi da reshen Nijeriya, sai mutum ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa ya riƙa sayen kati. Faifai kuma in an gama da shi ana iya sayarwa ko a yi musaya.

Sai babbar magana, wadda ta shafi masu son su juya kuɗinsu. Akwai 'yan Arewa da yawa a Kurmi da kan saya wa ƙane na'ura da talabijin da ɗan janareta ya buɗe gidan gem a gida, don ya sami abin yi. A gari irin Azare, mai ɗalibai na Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma na Gadau nan kusa, ba za a rasa masu zuwa ba. Amma abin da ke riƙe da gidan gem ƙwallon ƙafa ne. Mutum biyu su zauna, su kara na minti goma, wanda aka ci ya biya ya tashi, wani ya zauna, 'yan kallo na ihu a baya. Mirage kuwa mutum ɗaya ke yinsa, ba a karawa da kowa, kuma labarinsa yakan ci sa'a 15 zuwa 20 kafin a kai ƙarshe. Yaro guda zai tsare na'ura yana laɓe a bayan katanga yana jiran dogari ya juya baya, janareta na shan mai, sauran jama'a sun watse. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu 2023 kowane minti na janareta kuɗi ne. Wanda aka ce wa ya sayo wannan faifai don kasuwanci, ya riƙe kuɗinsa.

Abin Da Ke Ciki

Ga mai wasa a ɗakinsa kuwa magana ta sake. Abin da ya fi komai daraja a cikin faifan shi ne birnin kansa. Halifa Mansur ne ya kafa Bagadaza a 762, ya yi ta zagayayya da ƙofofi huɗu, ta Kufa, ta Basra, ta Khurasan da ta Sham. Wannan birni na asali babu abin da ya saura nasa a tsaye, sai bayanin da marubutan da suka bari. Daga irin wannan bayani ne ma'aikatan kamfanin, a reshensu na garin Bordo, tare da masana tarihi, suka sake gina shi: kasuwar Karkh da rumfunanta, majema da marina, jiragen ruwa a kogin Dijla, da Baitul Hikma inda ake fassara littattafan Girkawa da Farisawa zuwa Larabci. Ana jin kiran salla yana tashi a cikin gari. Ana kuma iya juya dukan maganar wasan ta koma Larabci, wani ɗan wasan kwaikwayo na ƙasar Jodan, Iyad Nassar, shi ya yi muryar Basim. Ɗalibin da ya yi Larabci a makarantar Islamiyya, wanda bai cika jin ana hira da harshen ba sai a wajen karatu, zai ƙaru a nan fiye da yadda ake zato.

Har ila yau an sa wani sashe mai bayani 66 a kan tarihin birnin, da hotunan kayan tarihi na ainihi daga gidajen adana kayan da. Mai wasa yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya yayin da yake yawo. Akwai kuma mutanen da suka rayu da gaske. Ga 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, masana lissafi da ƙere-ƙere. Ga marubucin nan Jahiz. Ga Aliyu ɗan Muhammadu, wanda daga 869 zuwa 883 ya jagoranci tawayen Zanj, watau bayi baƙar fata da ake sa wa aikin kankare gishiri a fadamun Basra. Wannan babi ne da ba kowane ɗan makaranta ya taɓa jin labarinsa ba. A ƙarshen 2025 an ƙara wani sashe kyauta da ke kai Basim kwarin Al-Ula na ƙasar Hijaz, sai dai shi dole a sauko da shi ta intanet.

To, amma a nan ne ya kamata a buɗe ido. Ginin gaskiya ne gwargwadon iko, labarin da aka zuba a ciki kuwa ƙage ne, su ma masu wasan sun rubuta haka a farkonsa. A cikin wasan an nuna Halifa Mutawakkil ya mutu a wata fada a garin Anbar, a hannun abokiyar satar Basim. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne dogaransa Turkawa suka kashe shi a watan Disamba 861, a fadarsa kusa da Samarra, tare da amininsa Fathu ɗan Khaƙan, aka kuma zargi ɗansa Muntasir da hannu a ciki. Hasali ma a wannan lokaci gadon sarauta ba ya Bagadaza, an mai da shi Samarra tun 836, bai dawo ba sai 892. Haka kuma an nuna Ɓoyayyu suna da sansani a dutsen Alamut na ƙasar Farisa, alhali Hasan Sabbah, wanda mabiyansa ne abokan gaba suka laƙaba wa suna Hashshashin, bai kama Alamut ba sai 1090, fiye da shekara 200 bayan haka. Can wajen ƙarshe ma labarin yakan saki tarihi ɗungum, ya shiga tatsuniyar wasu halittu na zamanin da da gumakan mutanen arewacin Turai.

Mutumin Katagum zai fi kowa gane haɗarin wannan in aka kawo masa misali a gida. A watan Janairu 1824 Baturen nan Kilafatan ya sauka a birnin Katagum, zamanin Sarki Ɗankauwa, abokin tafiyarsa Likita Udni kuma ya rasu a Murmur ba nisa da nan. Ya bar bayanin garin da ganuwa biyu, da ganuwar gwalalo uku, da ƙofofi huɗu, ya ce bai ga gari mai ƙarfin tsaro kamarsa ba tun da ya baro Tarabulus. A ƙaddara wani kamfani ya ɗauki wannan bayani ya zana Katagum daidai, har da kogin Jama'are a gefe, sa'an nan ya ce wani ɓarawon kasuwa ne ya ci Birnin Ngazargamu, ba Malam Zaki ba. Dattawan Azare, inda aka mai da fadar tun 1916, za su yi dariya su wuce, domin sun san yadda aka yi. Amma yaron wata ƙasa da bai taɓa jin sunan Malam Zaki ba zai haɗiye duka biyu, ganuwar da ƙaryar, don kuwa kyan zanen shi ke sa a yarda da labarin. Matsayin yaron Azare ke nan game da Bagadaza.

Ga kuma shekaru. Hukumar da ke tace wasanni a Turai ta sa wa Mirage lambar 18, ta Amurka ta ce daga 17 zuwa sama. Lambar tana nan a jikin kwalin, mai saye ya duba da idonsa. Dalili kuwa a fili yake: sana'ar jarumin kisa ce, ana ganin jini, kuma tun a farkon labari ake yanke masa yatsa a wajen rantsar da shi. Ba abin da za a miƙa wa ɗan firamare ba ne don ya ci jarrabawa, ko da ya yi kuka. Akwai kuma kanti a cikin wasan inda ake sayar da riguna da makamai da kuɗi na gaske, saboda haka kada uba ya kuskura ya bar lambar katinsa na banki a cikin na'urar.

Ta fuskar daɗin wasa, masu sharhi a Turai da Amurka ba su ɗaga shi sama ƙwarai ba, jimillar makin da suka ba shi bai kai 80 bisa 100 ba. Sun yaba birnin da komawar da aka yi ga sanɗa irin ta wasan farko, sun kushe faɗan takobi da rashin wayon dogarai, waɗanda wani lokaci za a kashe na kusa da su ba su waiwaya ba. Wanda ya saba da na 2020, mai cin sa'a 60 ko fiye, zai ga wannan gajere ne. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, gajartar ba aibi ba ce, don ana iya ganin ƙarshensa cikin hutu guda.

Saboda haka amsar ta danganta da wanda ya aiko saƙon. In baligi ne, ɗalibin kwaleji ko ma'aikaci mai na'urarsa a ɗaki, mai sha'awar tarihi ko Larabci, faifan na hannu ya ci kuɗinsa, musamman in za a haɗa masa da littafin tarihin Abbasiyawa ko guda, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi ta Kano a kan hanyar wucewa gida. In mai gidan gem ne, a ƙara masa kuɗin mai ya fi masa. Wajen saye kuma a sa mai kanti ya saka faifan a na'ura a ga ya tashi, a juya bayansa a duba ko ya karce, domin daga Alaba zuwa Azare tafiyar kwana ce, ba mai dawowa canji.