Ɗan Wurno, Rabah ko Goronyo a Ɗanfodiyo: ina za ka samu mutanenka?

Shirinmu na yau na ƙannena ne da suka samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, musamman 'yan gabas: Wurno, Rabah da Goronyo. Maganar ita ce, bayan rajista da lakca, da wa za ka zauna?

Kada ku ɗauke ta ƙaramar magana. Jami'ar nan tun 1975 take, a 1988 aka sa mata sunan Shehu, kuma ɗalibanta daga kowane lungu na Najeriya suke. Mazauninta na dindindin yana can wajen gari, wajen Dundaye. Kai da ka taso inda kowa ya san gidanku, sai ka wuni cikin dubban mutane ba wanda ya kira sunanka. Ga shi kuma yadda hanyoyin gabas suka zama saboda matsalar tsaro, ba kowane ƙarshen mako ake zuwa gida ba. Kaɗaici irin wannan yana karya karatu, yana kuma tura yaro hannun abokan banza.

To, ina za a fara?

Ni dai shawarata, fara da 'yan gida. Nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku. Su za su nuna maka inda ake samun ɗaki mai sauƙi, su ba ka tsofaffin takardun jarrabawa, in rashin lafiya ta kama ka su ne za su kai ka asibiti su kira gida. Wannan gata ne, ka riƙe shi.

Amma fa a nan da yawa suke tsayawa. Shekara huɗu, ɗaki da 'yan garinsu, cin abinci da 'yan garinsu, hira da 'yan garinsu. Sai mutum ya fito da digiri amma bai iya tsayawa gaban mutum ashirin ya yi magana ba, bai san kowa ba a wajen jiharsa. Ƙungiyar gari masauki ce. Bayan ka sauka ka huta, fita ka nemi ƙungiya ɗaya inda ba wanda ya san ka, inda abin da ka iya ne kawai zai gabatar da kai.

Ga inda za ka duba.

In kana son rubutu, Ɗanfodiyo ta yi suna wajen aikin jaridar ɗalibai. Akwai ƙungiyoyi irin su Pen Press da News Digest. A nan ake koya maka yadda ake tambaya, yadda ake tabbatar da labari kafin a rubuta, kuma edita ɗalibi irinka zai jan maka biro har ka gyaru. Ka tuna kana da abin da ɗan Legas ba shi da shi: ka san manoman albasa da tafarnuwa na Wurno, ka san abin da madatsar ruwa ta Goronyo take nufi ga mai noman rani. Labarai ne a hannunka.

In harshe da al'ada ne suke burge ka, leƙa wajen ɗaliban Sashen Nazarin Harsunan Najeriya, ka tambayi masu Ƙungiyar Hausa. Wasan kwaikwayo, waƙa, kacici-kacici, muhawara, duk a irin wannan da'ira ake yin su, kuma ba sai kana karanta Hausa ba. Sakkwatancin nan da wasu ke ɓoyewa don kada a yi musu dariya, a can abin nazari ne. Wanda ya fito daga garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, ko garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, bai kamata ya ji kunyar bakinsa ba.

Sai MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da aka kafa tun 1954. Ban da wa'azi, akwai darussan bita kafin jarrabawa, da musabaƙa, kuma 'yan'uwa mata suna da ɓangarensu. Sai ƙungiyar sashenku, wadda ita ce ta fi kusa da kos ɗinka. Sai filin ƙwallo da yamma, inda ake ƙulla abota ba tare da dogon Turanci ba.

Yaya ake gano su? Karanta allunan sanarwa. Je taron wayar da kan sababbin ɗalibai, kada ka ce ɓata lokaci ne. Tambayi 'yan aji uku da aji huɗu, ba wai "wace ƙungiya ce ta fi suna" ba, ce musu "wace ce take yin aiki?"

Kafin ka ba da kuɗin fom, yi gwajin nan. Halarci zamansu sau biyu ko uku. Shin suna fitar da wani abu da ido ke gani, ko taro ne kawai da rabon muƙamai? Suna barin sabon shiga ya yi magana? Suna tashi in lokacin salla ya yi, suna sassautawa in jarrabawa ta matso? Sannan mafi muhimmanci, suna da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai? Duk ƙungiyar da ta ce taronta sai da dare a ɓoye, ko sai ka yi rantsuwa, ko kada ka faɗa wa kowa, wallahi ka gudu. Ƙungiyar asiri korar ɗalibi take jawowa, wani lokaci har da ransa.

Ƙannena mata, na san da yawa an ja muku kunne daga gida: aji, ɗaki, masallaci. Iyaye suna da dalilinsu. Ki zaɓi ƙungiyar da ke zama da rana a fili, ki tafi da ƙawa, kuma ki faɗa wa Inna ko Baba abin da ake yi a can. In sun ga rubutunki ko takardar yabo da sunanki, hankalinsu zai kwanta.

Kada kuma a yi haɗama. A semesta ta farko, 'yan gida da ƙungiya ɗaya sun isa, har ka ga yadda sakamakonka ya fito. Karatun ne ya kawo ka, in maki ya zube ba ƙungiyar da za ta riƙe ka a makaranta.

Don haka a makon nan, zaɓi wuri ɗaya, shiga ka yi sallama, ka ce kai sabo ne kuma ga abin da kake so ka koya. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.